Me ake nufi da ghosting?

'Yar'uwa, kin tambayi ma'anar ghosting da kike yawan gani a Facebook. Tushenta kalmar Turanci ce mai nufin fatalwa. Saurayi ne yake zuwa zance duk Alhamis, har gida sun san shi, kwatsam ya daina ɗaga waya, ya karanta saƙonki na WhatsApp ya yi gum, ba faɗa ba sallama. Mu nan Kano cewa muke ya yi ɓatan dabo, kuma ni rashin mutunci nake kiransa. Masu neman aiki ma suna amfani da kalmar, in an yi musu intabiyu aka yi shiru. Mai gyaran talabijin a Sabon Gari kuwa hoton da ke fitowa biyu-biyu yake nufi, saboda eriya ta kama sigina sau biyu.