Tambaya da Amsa: Abin da cikinsa ke hana lantarki wucewa, fatarsa kuma take ɗauka

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibin fizis ne, aji uku, a lakca an ambaci tofolojikal insuleta, wai cikinsa ba ya ɗaukar lantarki amma samansa yana ɗauka, kuma wai ta hanyar gauraya sinadarai ake saita shi. Don Allah ya abin yake?
Wani ɗalibi daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi tambayarka ta yi min daɗi. Ka ɗauki ilektiron a cikin daskararren abu kamar 'yan haya a gidan bene, hawan ƙasa ya cika maƙil, na sama ba kowa, tsakaninsu akwai gibi, a silikon gibin nan wajen 1.1 eV ne (eV ma'aunin kuzarin ilektiron ne). To a abubuwa masu nauyin atom irin su bismut, juyin da ilektiron yake yi da tafiyarsa suna haɗuwa da ƙarfi sosai har hawa biyun su yi musanyar wuri. Cikin abin dai gibin yana nan, amma a fatarsa, inda ya haɗu da iska mai tsari na yau da kullum, dole gibin ya rufe, ta nan lantarki ke bi.

Gaurayawar ita ce maganar. In ka zuba antimoni cikin bismut, daga kamar kashi 7 zuwa kashi 22 cikin ɗari, musanyar nan tana faruwa kuma gibin ya buɗe, shi ne abin da ƙungiyar Zahid Hasan ta Jami'ar Princeton a Amurka ta gani a 2008. Kafin su a 2007 mutanen Laurens Molenkamp a Würzburg ta Jamus sun nuna kauri ma kaɗai ya isa, shimfiɗar HgTe (haɗin mercury da tellurium) in kaurinta ya wuce nanomita 6.3 sai musanyar nan ta faru.

Amma ni inda ya fi burge ni shi ne matsalar da ake fama da ita a lab. Bi2Te3 (bismut da tellurium) da Sb2Te3 (antimoni da tellurium) falle-falle suke kamar shafukan littafi, kowane falle layi biyar na atom, kaurinsa wajen nanomita 1, sai dai ba a samun kirista marar aibi, wani atom ya ɓace wani ya zauna gurbin ɗan'uwansa, sai cikin ma ya riƙa yoyon lantarki ya danne na fatar. Bi2Te3 yakan zo da rarar ilektiron idan an shimfiɗa shi siriri, Sb2Te3 kuma da ƙarancinsu, shi ya sa ake haɗa su ana ƙara wannan ana rage wancan har su kashe juna. Da wannan haɗin, an ɗan sa kuromiyom, ƙungiyar Xue Qikun a Jami'ar Tsinghua ta Sin ta ga lantarki yana bin gefe ba tare da maganaɗisun waje ba a 2013, amma fa a sanyin milikelbin 30, wato dab da iyakar sanyi, kaga da saura kafin ya shigo wayarka.

Shawarata ka fara riƙe darasin gibin semikondakta da kyau, sannan ka nemi hotunan ARPES (dabarar auna kuzarin ilektiron ta hanyar haska abu da haske) na Bi2Se3 (bismut da selenium) ka kalli layuka biyun da suka gitta juna a tsakiyar gibin.