Huhun Baba ya gaji: mu sayar da gona mu fitar da shi ƙasar waje, ko mu yi jinyarsa a gida?

Assalamu alaikum Gwaggo, da fatan kina lafiya da iyali.

Ni ce babba a mata a gidanmu, ina aure kusa da iyayena nan Ƙofar Marusa. Mahaifinmu shekararsa 68, tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe yana jigilar kaya tsakanin Jibiya, Maraɗi da Legas, kuma tun yana saurayi yake shan taba. Daga hunturun bara zuwa yau sau uku ana ba shi gado a asibiti. Likita ya ce huhun ya lalace, cutar da suke kira COPD, kuma sai an haɗa masa da iskar oksijin a gida.

Gwaggo, mutumin da jam'in asuba ba ya wuce shi, yau daga gado zuwa bakin ƙofa sai ya dafa bango sau biyu. A zaune nake zuba masa ruwan alwala. Cokali uku na kunu, sai ya ajiye ya yi ta haki. Dare kuwa a zaune yake kwana, ya kifa kai bisa matashi.

Yayanmu da ke Abuja ya ce a sayar da gonar Baba a kai shi Indiya a canza masa huhu, in ba haka ba duniya za ta ce mun zuba ido. Matar Baba kuma ta samo wani gari da ake barbaɗawa a garwashi, a lulluɓe shi ya shaƙi hayaƙin. Shekaranjiya ina gyara masa shimfiɗa na ga kara biyu na taba ƙarƙashin katifa. Na shiga bayi na sha kuka. Haushinsa nake ji, sai kuma in ji tsoron Allah a kan jin haushin mahaifina yana wannan hali. Maigidana ma ya fara cewa ya manta rabon da in kwana a ɗakina. Ya zan yi?

Ɗiyarki, daga Katsina

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya ba Baba sauƙi, Ya sa kaffara ce, ke kuma Ya ba ki masu yi miki.

Bari in fara da mai ɗacin. Huhu cike yake da miliyoyin 'yan jakunkunan iska. Hayaƙin shekara da shekaru yana yayyaga su, ya matse hanyoyin numfashi, sai iska ta shiga ta kasa fita. Abin da ya yage ba ya komawa, ko a Katsina ko a Indiya. Ana dashen huhu, gaskiya ne, amma ba a yi wa wanda bai yi aƙalla wata 6 da barin taba ba, shekaru da raunin jiki suna hana mutane da yawa, huhun kuma sai an jira na wanda ya rasu, a Indiya ma sai an rasa ɗan ƙasa mai buƙata kafin a ba baƙo. Hawa jirgin kansa haɗari ne ga mai irin numfashin Baba. Kada ki yi musu da yayanki, tsoro da ƙauna ne suke magana a bakinsa. Ki roƙe shi ya zo, ku je tare wurin likitan ƙirji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Malam Aminu Kano, ya yi tambayar da kansa, ya ji amsa da kunnensa.

Kuɗin da yake son kashewa akwai inda za su yi amfani tun yau. Wanda oksijin ɗin jininsa ya yi ƙasa sosai, in yana samun iskar aƙalla awa 15 a rana, tana taimakon zuciyarsa da jikinsa ƙwarai. Akwai na'urar da ke tace oksijin daga iskar ɗaki, sai dai da lantarki take aiki, don haka a yi mata sola, a kuma ajiye silindar oksijin ɗaya saboda dare. Ku sayi ɗan abin awon oksijin na jini da ake maƙalawa a yatsa. Ga masu wannan cuta likitoci sun fi son awon ya tsaya tsakanin 88 da 92. Kada tausayi ya sa wani ya murɗa iskar ya ƙara, domin in ta yi yawa gurɓatacciyar iska takan taru a jini, sai barci mai nauyi da ruɗewa. In kin ga haka, ko leɓɓansa sun yi duhu, ko kakinsa ya koma kore, ko zazzaɓi, asibiti za ku nufa ko ƙarfe nawa ne. A kuma gwada kakin don tarin tibi, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Hayaƙin garwashin nan a daina shi yau. Matar Baba taimako take son yi, don haka ki ba ta girmanta, ki mayar da ita kan tofi da zuma a ruwan ɗumi. Kaskon turare, maganin sauro na kunnawa, murhun itace a bakin tagarsa, janareta, duk a nisanta su. A rataya gidan sauro, a yayyafa ruwa kafin shara, hazon hunturu in ya sauko a rufe taga. Ki faɗa wa kowa a gidan: ashana ko taba kusa da oksijin gobara ce.

Sa'ad da numfashin ya sarƙe, ki zaunar da shi ya ɗan duƙa, gwiwar hannu bisa cinya, ya ja iska ta hanci, ya fitar a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura kunu. Ki fuskantar da fanka ko mafici a fuskarsa, ki yi masa magana da sanyin murya, don firgici yana ƙara haki. Abinci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida: kunun gyaɗa, ƙwai, fura da nono. Inhelarsa, wato abin da yake fesa magani a baki ya shaƙa, ki tafi da ita asibiti ya shaƙa a gaban nas, da yawa suna fesawa a harshe maganin bai kai ƙirji ba. Ki kuma tambayi likita batun jinyar rage wahala. Sukan ba da ɗan ƙaramin awo na mofin, wani maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi, don sassauta haki. Ba fid da rai ba ne, kuma ba abin saye a kemis ba ne.

Karan tabar nan kuwa, kukanki halal ne. Amma nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa jaraba, ya riƙe jikin Baba kusan shekara 50, ba raini ba ne yake muku. Barinta ko yanzu yana rage saurin lalacewar huhun. Kada ki tona shi a gaban jama'a. Ki nemo amininsa ko limamin masallacinsu su yi magana su biyu, a tambayi likita maganin rage ƙwaɗayinta, a kuma gano yaron da ake aika sayowa.

Akwai abin da ban gani ba a wasiƙarki. Yaya ya faɗi nasa, matar Baba ta yi nata, shi mai ciwon fa, wa ya tambaye shi? Gonarsa ce, jikinsa ne, kuma yana cikin hankalinsa. Ki zaɓi safiyar da numfashi ya lafa, ki zauna ƙasa kusa da ƙafarsa ki ce, “Baba, me ka fi so mu yi maka?” In ciwo ya tsananta, yana son a sa shi a injin numfashi, wanda masu raunin huhu sukan sha wuyar rabuwa da shi, ko ya fi son ɗakinsa cikin iyalinsa? Akwai bashi ko wasiyya da yake son faɗa? Wannan ba kiran mutuwa ba ne, rai na hannun Allah. In rashin masallaci ne ke cin ransa, liman ya tuna masa Annabi (SAW) ya ce a yi salla a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kishingiɗe, kuma a riƙa turo wani su yi jam'i a ɗakin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗiyata. Ki tara ƙannenki a raba kwanaki a rubuce, mazan su karɓi dare. Ki zaunar da maigidanki ki gode masa, ki nuna masa takardar, ya ga ranakun da za ki kwana a ɗakinki.

Gwaggonki