Amsa: Wayar da za ta kama a dajin Tesker

Malam, ka ce kana kiwo tsakanin Gure da Tesker, rezo na ɓacewa da zarar ka bar gari, kana tambaya ko salularka za ta kama tauraron ɗan Adam kai tsaye.

A gaskiya, ƙaramar wayar da ke aljihunka eriyar ƙasa take nema, ta Airtel ce ko Moov ko Zamani. In babu eriya kusa, shiru ne.

Hanya biyu na sani. Ta farko Thuraya, wayar tauraron ɗan Adam mai kaurin eriya, wadda direbobin hanyar Agadas suka daɗe suna riƙewa. Tana kira daga tsakiyar rairayi, amma sai ka fito fili ka miƙe eriyar sama. Cikin ɗaki ko ƙarƙashin rufin kwano ba ta jin kira. Kuɗin minti kuwa da zafi, ta gaggawa ce, ba ta hira ba.

Ta biyu Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025. Shi intanet yake bayarwa ta tauraron ɗan Adam: ka kafa faranti, wayarka ta kama Wi-Fi, ka yi kira ta WhatsApp. Ka yi nisa kaɗan da akwatin Wi-Fi ɗin, ya yanke. Yana son sola da batir mai ƙarfi. Na ga wani ya haɗa da tsohon batirin mota, kafin la'asar ya mutu.

Kada ka sayi Starlink na hannu ba takardu, wani a kulle yake da sunan mai shi na farko. Kuma da yanayin tsaron nan, tambayi ARCEP, hukumar da ke kula da sadarwa, batun izini kafin ka ratsa shingen jami'ai da Thuraya a jaka.