Amsa ga 'yar'uwar da ke neman manhajar ganin gyaran gida kafin a fasa bango

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Tun da na karanta tambayarki daren jiya na kasa wuce ta, domin ita ce tambayar da ya kamata a ce na yi shekara uku da suka wuce amma ban yi ba. Kin ce kina so ki fasa bangon da ke tsakanin kicin da sito ki haɗe su, ki kuma gyara filin bayan gida ki dasa itatuwa, kuma kina neman manhaja mai sauƙi da za ta nuna miki yadda abin zai kasance kafin ki kira ma'aikata, tunda ba ki saba da kwamfuta sosai ba. Na ga 'yan'uwa sun jero miki sunaye, Allah ya saka musu da alheri, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa zan fara gaya miki abin da ya same ni kafin in ambaci sunan kowace manhaja.

Ni ma haɗe kicin da sito na yi niyya, kuma saboda ina ganin ba zan iya zane da kaina ba, sai na biya wani mai zane ya fitar mini da hotuna. Hotunan sun yi kyau ƙwarai: haske yana shigowa ta taga, kabad-kabad a jere dama da hagu, ga teburin aiki na kankare a tsakiya da kujeru uku, ga fili isasshe a kewaye da shi. Na ɗora hoton a fuskar wayata, na nuna wa maigida har ya amince, na miƙa wa magini na ce haka nake so. Aka fasa bango, aka gina teburin, aka shimfiɗa tayil, kafinta ya kafa kabad. Ranar da aka shigo da firji aka jingina shi a wurinsa, na kama ƙofarsa na ja, sai ta buɗe rabi ta bugi gefen teburin ta tsaya. Aljihun ƙasa ma ya ƙi fitowa. Na karɓi tef a hannun kafinta na auna tsakanin fuskar firjin da teburin, na samu bai kai santimita 50 ba, sauran hanyar kuwa santimita 70 ce, wadda mutum biyu ba za su gifta juna a cikinta ba. Na zauna a kan bokitin fenti cikin ƙurar siminti, ma'aikata sun yi shiru suna kallona, na kira mai zanen nan hannuna yana rawa. Abin da ya ce mini shi ne: "Ai Hajiya hoto kika nema, hoto kuma na ba ki."

Har yau wannan magana tana ci mini rai. Mutumin nan bai taɓa taka ƙafarsa cikin gidan da tef a hannu ba, ta waya ya tambaye ni girman ɗakin, na ce masa kusan mita huɗu ne, ya ce ya isa. Shi ne mai sani, ni kuwa ban san cewa "kusan" ba awo ba ne, kuma hakkina ne a kansa ya gaya mini. Daga baya, da na koyi abin da kaina, na buɗe fayil ɗin da ya turo mini na gane abin da ya yi. Ya rage zurfin firjin ya koma santimita 50 alhali nawa ya kusa 70, ya zana bangaye sirara kamar allo ba tare da kaurin bulo da filasta ba, sannan ya ajiye idon kyamarar a bayan bango, wurin da babu mutumin da zai iya tsayawa, ya kuma faɗaɗa kusurwar kallonta yadda ƙaramin ɗaki zai zama kamar falo. Bayan kira na uku ya daina ɗaga wayata. Dole aka rushe teburin, tayil shida suka fashe, waɗanda aka samo domin cike gurbinsu kuma launinsu ya ɗan fi na farko duhu, don haka kullum da safe idan na shiga kicin idona a kan wannan facin yake fara sauka. Ban yi fushi da magini ba, shi abin da aka nuna masa ya gina.

Saboda haka, 'yar'uwa, idan kin ce "mai sauƙi", ki yi hattara da irin sauƙin da ake tallatawa. Manhajar da za ki ɗauki hoton ɗaki ta mayar miki da shi sabo fil cikin daƙiƙa goma, irin waɗanda ke aiki da ƙirƙirarriyar basira, tana da amfani wajen gwada launin fenti ko salon kabad, amma ba ta san faɗin ƙofarki ba, kuma za ta iya ƙara miki taga inda babu taga. Manhaja mai sauƙi a wurina ita ce wadda za ta bar ki ki rubuta tsawon bango da lamba, ki rubuta kaurinsa, ki canza girman kowane kaya ya yi daidai da naki, ba tare da kin yi wata guda kina koyo ba.

Wadda ta yi mini wannan ita ce Sweet Home 3D. Kyauta ce idan kin sauke ta daga shafinta na asali, wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Puybaret ne ya ƙirƙire ta, kuma da zarar ta hau kwamfuta ba ta buƙatar intanet. Fuskarta a rabe take, a sama kina zana ɗakin kamar kina kallonsa daga rufi, a ƙasa kuma yana tashi tsaye nan take, duk abin da kika matsar a sama sai ya matsa a ƙasa. Idan kin jawo ƙofa ko taga kika ɗora a kan bango, da kanta take huda shi, tana kuma zana baka mai nuna inda ƙofar za ta share idan an buɗe ta. Wannan bakan kaɗai da na gan shi tun farko da ya cece ni. Idan kina da tsohon zanen gidan a takarda, za ki iya ɗaukar hotonsa ki shigar, ki gaya mata tsawon bango ɗaya da kika sani, sai ki bi layukan kina zanawa a kai. Akwai kuma wani ɗan mutum da ake ajiyewa cikin ɗaki domin a gani da idonsa; ki daidaita tsayin idonsa da naki, ki ajiye shi a bakin ƙofa inda kike tsayawa da gaske, kada ki faɗaɗa kusurwar kallonsa. Hotunanta ba su kai na masu talla ƙyalli ba, ni kuma abin da ya sa na yarda da ita ke nan. Cikin yammaci biyu na zana kicin ɗina.

Na ga an ba ki shawarar SketchUp. Manhaja ce mai ƙarfi, ta fito tun 2000, Google ya saye ta a 2006, sannan ta koma hannun Trimble a 2012, kuma tana da nau'in kyauta da ake buɗewa a burauza. Sai dai ita ba ta san bango ko ƙofa ba, layi da fuska kawai ta sani, ke ce za ki zana murabba'i ki ja shi sama ya zama bango, ki yanke ramin taga da hannunki. Ga wadda ta ce ba ta saba da kwamfuta ba, ina jin tsoron za ki gaji kafin ki kai ga firji. Planner 5D da Floorplanner da RoomSketcher sun fi ta sauƙi, jawo kaya ake yi a ajiye, kuma Planner 5D tana aiki a waya, amma nau'insu na kyauta yana da iyaka. Ki binciki wannan iyakar tun a sa'a ta farko: ki zana ɗaki ɗaya na wasa, ki gwada fitar da shi da awonsa a rubuce, ki ga ko za a bar ki. Akwai wata manhaja da na yi mako biyu ina zana gida a cikinta, ranar da na zo bugawa in kai wa kafinta sai ta rufe ƙofa ta ce sai na shiga biyan wata-wata, kuma babu hanyar kwashe aikin zuwa wata manhajar. Na yi kuka a daren nan, domin ya zo mini a kan ciwon da bai warke ba.

Kafin duk wannan, ki auna da hannunki. Kowane bango ki auna shi sau biyu, a ƙasa da kuma daidai ƙugu, ki auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ta ɓangarori biyu, domin idan awon biyu bai zo ɗaya ba, ɗakin ba a miƙe yake ba, kuma kabad ɗin da aka yanka a miƙe zai bar giɓi. Ki rubuta inda soket da famfo da bututun fitar ruwa suke. Akwai magicplan da ke auna ɗaki da kyamarar waya, ta fi daidai a wayoyin da ke da na'urar LiDAR, wato mai auna nisa da haske, kamar iPhone 12 Pro ta 2020 da nau'in Pro da suka biyo ta, amma ko da ita ki tabbatar da tef, saboda santimita uku sun isa su hana firji shiga gurbinsa. Kabad ɗin ƙasa yawanci zurfinsa santimita 60 ne, tsayinsa kusan 90, hanyar da ke tsakanin layi biyu kuma kada ta gaza mita ɗaya, idan mutum biyu za su yi aiki tare a kai ta santimita 120.

Don Allah, bangon nan da kike son fasawa, kada ki bari manhaja ta yanke miki hukunci a kansa. A allon kwamfuta dannawa ɗaya ce ke share bango, rufin kuma ya ci gaba da zama a iska lafiya lau, domin waɗannan manhajoji ba sa lissafin nauyi. Ki kira injiniyan gini ya zo ya duba ko bangon yana ɗauke da rufi ko bene, ya faɗa miki ko ana buƙatar bim, wato abin da ake gicciyawa a sama ya ɗauki nauyin a madadin bangon, ki kuma tambayi hukumar da ke ba da izinin gini a inda kike ko aikin yana buƙatar takarda.

Filin bayan gida kuwa wani sha'ani ne daban, a nan ma na sha wuya, ko da yake ba kamar ta kicin ba. Sweet Home 3D an yi ta ne domin cikin gida, ƙasarta a shimfiɗe take, za ki iya jera itatuwa da benci da hanyar tafiya amma ba za ta nuna miki gangaren filinki da sauƙi ba. Abin da nake so a cikinta shi ne kamfas: ki gaya mata inda arewa take da inda gidanki yake a duniya, ki zaɓi wata da sa'a, sai ta fitar da hoto da inuwa a inda za ta faɗi. Da haka na gane cewa wurin da na zaɓa domin zama da yamma rana ce ke dukansa har ta faɗi. Idan gangare da tsirrai ne babban damuwarki, Realtime Landscaping ta kamfanin Idea Spectrum an gina ta ne domin lambu, sai dai a Windows kaɗai take aiki kuma saye ake yi. Home Designer ta kamfanin Chief Architect tana haɗa gida da fili, tana ma da wurin da za ki ƙara wa shuke-shuke shekaru ki ga girmansu, amma koyonta ya fi ɗaukar lokaci. Mai iPhone kuma tana iya gwada iScape, inda ake ɗora tsirrai a kan hoton filin gida.

Ko wacce kika ɗauka, ki zana itace da faɗin da zai kai bayan shekara goma, kada ki zana shi da girman da yake a cikin leda ranar da kika sayo shi. Babu manhajar da za ta nuna miki saiwa, kuma saiwa ce ta shiga bututun ruwan wankinmu ta toshe shi, har muka sare itacen da na yi shekara biyu ina ba shi ruwa da hannuna. Tsirran da ke cikin ma'ajiyar manhajar ma ba lalle su dace da yanayinki ba, ki tambayi masu rainon tsirrai na kusa da ke. Ƙasa kuma ta gangara daga jikin gini zuwa waje, kimanin santimita 15 a cikin mita uku na farko, daɓen zama kuwa santimita biyu a kowace mita, in ba haka ba ruwan sama zai kwanta a gindin bango.

Idan kin gama zanen, ki buga wanda ake kallon ɗakin daga rufi, mai lambobi, shi za ki ba magini da kafinta, kowa da kwafinsa, mai kyan kuma ki riƙe wa kanki. Kafin a ɗora bulo ko ɗaya, ki ɗauki alli ki zana kabad da tebur a ƙasan ɗakin da girmansu na gaske, ki jera kwalaye a inda firji zai tsaya, ki yi kwana biyu kina wucewa ta tsakaninsu da kaya a hannu. A waje kuma ki kafa turaku ki ɗaure igiya. Idan kin auna kicin ɗin da siton, ki rubuto mana tsawo da faɗi da inda ƙofofi suke da zurfin firjinki, zan shigar da su a tawa kwamfutar in turo miki abin da ya fito, in sha Allahu kafin ƙarshen mako.