Rajistar SCUML: Alhaji, kada ka bari a buɗe ta da imel ɗin wani

Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ce banki sun ƙi buɗe wa kamfaninka na sayar da motoci asusu sai ka kawo takardar SCUML, kuma wani mai kafe, wato shagon intanet, ya ce ka ba shi takardunka da kuɗi ya fito maka da ita, shi ne kake tambaya ko ka ba shi ko ka yi da kanka. Ni aikin akanta nake yi, ina riƙe wa ƙananan kamfanoni littattafan kuɗi. Mu ma doka ta sa mu cikin waɗanda wannan rajista ta zama dole a kansu, don haka na yi wa ofishinmu, na kuma zauna da 'yan kasuwa da dama mun yi tasu. Shawarata ita ce: babu laifi wani ya taya ka danna kwamfuta, amma kana zaune a gefensa, da imel ɗinka, da lambar wayarka, kuma kai za ka sa kalmar sirri da hannunka. Bayanin dalili zai ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Yawancin mutanenmu suna ɗaukar SCUML a matsayin takarda ce da za a karɓo a miƙa wa banki, shi ke nan an rabu. A nan matsalar take farawa. SCUML sashe ne na hukumar EFCC da ke yaƙi da halasta kuɗin haram. An kafa shi tun 2005, sannan dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ajiye shi a ƙarƙashin EFCC kai tsaye. Bankuna suna da mai sa musu ido, wato Babban Bankin Najeriya. To amma akwai sana'o'in da ba banki ba ne, alhali manyan kuɗi na ratsawa ta hannunsu: dillalan motoci, masu sayar da gwal da duwatsu masu daraja, dillalan filaye da gidaje, masu otal, lauyoyi, akantoci. Su ne SCUML ke kula da su. Ma'aikacin bankin da ya mayar da kai ba ƙeta ya yi maka ba, shi ma dokar ce a wuyansa.

Ranar da ka yi rajista, ka buɗe ƙofa ce tsakaninka da hukuma wadda ba ta rufuwa muddin kana sana'ar. Ta nan za ka riƙa aika rahoton cinikinka, ta nan za su aiko maka da tambaya ko sanarwa. Makullin ƙofar kuwa abu uku ne: imel, lambar waya, kalmar sirri. Wanda ya bar mai kafe ya sa nasa, kamar wanda ya gina shago ne ya bar wa magini makulli.

Na ga wannan da idona a wurin wani bawan Allah mai sayar da gwal. Ejan ne ya yi masa komai, ya kawo masa takarda, banki suka karɓa, kowa ya yi murna. Da tafiya ta yi tafiya, aka buƙaci ya nuna shaidar rahotannin da yake aikawa, sai ga shi bai taɓa aika ko ɗaya ba, bai ma san ana aikawa ba. Muka zauna za mu shiga shafin SCUML na intanet, ba mu da kalmar sirri. Muka nemi a sabunta ta, saƙon ya tafi imel ɗin ejan, shi kuma ya bar garin, layinsa ba ya shiga. Duk wata sanarwa da aka aiko a tsawon wannan lokaci can ta faɗa. Sai da ya rubuta wasiƙa a takardar kamfani, ya haɗa da takardun CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da katin shaidarsa, ya yi ta zirga-zirga kafin asusunsa na shafin SCUML ya dawo hannunsa. Mutumin kirki ne, cinikinsa halal ne, amma a takarda ya fito kamar mai ɓoye wani abu. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin da an ba shi bayani na minti goma tun farko da bai shiga wannan hali ba.

To ga yadda nake so ka yi. Kafin ka je gaban kwamfuta, ka buɗe imel na kamfani, da sunan kamfani, wanda ba na ɗanka ba ne, ba na yaron shago ba. Ka ɗaure shi da layin da aka yi wa rajista da NIN ɗinka, layin da kullum yana cikin wayarka. Kada ka sa layin da ke kwance a aljihun tebur, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfanin sadarwa yana karɓewa ya sayar wa wani, kuma daga ranar duk lambar tabbatarwa da aka turo wayar baƙo za ta shiga. Idan Gmail ne, ka kunna matakin tsaro na biyu, wanda ko an san kalmar sirrinka ba a shiga sai an taɓa wayarka.

Takardun da za ka tanada ba su da yawa: satifiket ɗin CAC, takardar da ke nuna daraktoci da masu hannun jari, kundin da ya bayyana irin sana'ar da kamfanin zai yi idan kamfani ne mai hannun jari, lambar haraji ta TIN, da BVN. Kamfanonin da aka yi wa rajista a 'yan shekarun nan TIN ɗinsu na jikin satifiket ɗin CAC, ka duba ƙasa za ka gani. A yi musu sikanin mai kyau, kowane shafi ya fito a karanta. Hoton waya da aka ɗauka a karkace, inuwar hannu ta rufe hatimi, shi ke sa a dawo wa mutum da takardunsa.

Inda na fi ganin mutanenmu suna maƙalewa shi ne suna. A CAC an rubuta Muhammad, a BVN Mohammed, a NIN Muhammadu. Wani a takarda ɗaya Abubakar ne, a ɗaya Garba. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a banki, a CAC kuma sunan mahaifi ya tsaya. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya san haka, amma wanda ke duba takardun abin da ke rubuce kawai yake gani. Ka jera takardun nan uku a gabanka ka karanta harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa. In akwai saɓani, ka gyara shi tukuna, ko da zai ci maka mako biyu. Sunan kamfanin ma ka kwafe shi daidai yadda yake a satifiket, kada a taƙaita, kada a ƙara. Sannan ka duba ko sayar da motoci na cikin sana'o'in da aka rubuta wa kamfanin a CAC. Da yawa an yi musu rajistar "harkokin kasuwanci da kwangila" ne kawai, sai a zo cike fom a zaɓi dillancin motoci, takarda ta ce wani abu, fom ya ce wani.

Rajistar kyauta ce. Hukumar ta sha nanata haka. Abin da za ka biya mai kafe ladan sikanin ne da lokacinsa da datarsa, kuma wannan haƙƙinsa ne, a ba shi. Amma duk wanda ya ce akwai kuɗin hukuma, ko akwai wani a ciki da za a gani don a hanzarta, ka tattara takardunka ka tashi. EFCC ta gurfanar da mutane a kotu kan takardun SCUML na jabu, kuma idan aka gano ta jabu ce, sunan kamfaninka ne a jiki, kai ka miƙa wa banki. Adireshin shafin ma kada ka bi wanda aka turo maka a WhatsApp. Ka shiga shafin EFCC na asali ka bi ta can. Rajistar ba ta buƙatar lambar katin ATM, ba ta buƙatar lambar da banki ke turowa ta cire kuɗi. Shafin da ya tambaye ka waɗannan na ɓarayi ne.

Idan an gama a kafe, kafin ka tashi ka sa a goge takardunka daga kwamfutar da kwandon shararta, a fita daga imel ɗinka, kuma kada a yarda kwamfutar ta adana kalmar sirri. BVN da satifiket ɗin CAC da katin shaida a wuri ɗaya sun ishi mugu ya yi ɓarna da sunanka.

Bayan an tura, ka riƙa buɗe imel kullum, har da ɓangaren da yake jefa saƙonnin da yake zaton na banza ne. Idan sun ga gyara, ta nan za su faɗa. Waɗanda na taya a baya-bayan nan ta imel takardarsu ta iso. In ka ji shiru kada ka sake sabuwar rajista da wani imel, yin biyu rikita al'amarin yake yi. Gara ka je ofishin shiyya na EFCC ka tambayi ɓangaren SCUML. Akwai a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe da Maiduguri.

Yanzu ga abin da ya sa na dage sai makullin yana hannunka. Dokar 2022 ta ce duk cinikin da ya haura naira miliyan 5 da mutum ɗaya, ko miliyan 10 da kamfani, sai ka kai wa SCUML rahotonsa cikin kwana 7. Alhaji, kai ka fi ni sani, yau wace mota ce mai lafiya ake saya ƙasa da miliyan 5? Ke nan kusan kowace mota ta fita daga filinka rahoto ne. Wanda zai riƙa wannan aiki kowane mako ba zai yiwu ya dogara da mai kafen da ke wata unguwa ba. Ko lokacin da ba a yi cinikin da ya kai ba, akwai rahoton "babu" da ake aikawa, don shiru ba ya zama amsa a wurinsu.

Dokar ta kuma hana karɓar tsabar kuɗi sama da wannan adadi, sai ta banki. Na san yadda kasuwarmu take. Mutum zai zo daga ƙauye ko daga ƙetaren iyaka da kuɗi a jaka, ya sayar da shanu ko amfanin gona, kuɗinsa halal, yana so ya hau mota ya koma a ranar. Ka raka shi banki ya zuba a asusun kamfani. Kada wani ya ba ka dabarar a raba kuɗin gida biyu ko uku don kowane kashi ya gaza miliyan 5. Dokar ta ambaci wannan dabara, ta mayar da ita laifi mai zaman kansa. Haka nan cinikin da ya wuce kwatankwacin dala 1,000 sai ka karɓi shaidar mai saye, ka rubuta sunansa da adireshinsa a littafi bi da bi, ka ajiye aƙalla shekara 5. Ni ina ba dillalai shawara su ƙara da lambar injin da ta jikin mota da kwafin takardar kwastan a shafi ɗaya, ranar da aka zo tambaya ba sai an yi ta tone-tone ba.

Cinikin da ya ba ka shakku kuwa, misali yaro ƙarami ya zo sayen motoci uku ba ya ko taya farashi, ko mai saye ya ce a rubuta sunan wani da ba ya wurin kuma ya ƙi kawo shaidarsa, rahotonsa hukumar NFIU, mai tattara bayanan sirri kan harkokin kuɗi, ake kai wa, cikin awa 24, komai ƙanƙantar kuɗin. Kuma ba a gaya wa mai sayen an kai. Wannan yana yi wa ɗan kasuwa nauyi, na sani, domin mu mun taso ne a kan riƙe sirrin abokin ciniki. Amma ka tuna irin mutanen da ke neman inda za su juya kuɗin fansa su zama mota ko fili a ƙasar nan tamu. Ba na so filin mutumin kirki ya zama hanyarsu.

Ina da ƙorafi a kan tsarin, ba zan ɓoye ba. Shafin da Turanci yake, bayanan da Turanci, alhali dubban waɗanda dokar ta shafa a Arewa da Hausa suke ciniki, wasu da ajami suke rubuta lissafinsu. Wannan giɓin ne ejan-ejan suke ci a ciki. Sai dai ban ga alamar za a sassauta ba. Hukumar FATF ta duniya, mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ba a cire ta ba sai a Oktoban 2025, kuma sa ido a kan irin sana'o'inmu na cikin abin da aka nemi ƙasar ta gyara. Wanda ya sha wuya kafin ya fita ba zai so ya koma ba.

Game da wanda zai riƙa shiga asusunka na SCUML: doka ta nemi ka ware mutum a matakin shugabanci da zai kula da bin waɗannan ƙa'idoji. A ƙaramin kamfani kai ne, ko manajanka. Idan yaronka mai ilimin kwamfuta ne zai riƙa aika rahoto, to ya san kalmar sirrin shafin, amma imel da layin su tsaya a wurinka, domin da su ake sabunta komai. Ranar da ya bar aiki, ko da lafiya aka rabu, a canza kalmar sirri a ranar. Ka rubuta bayanan shiga a takarda ka sa inda kake ajiye takardun filaye, mutum ɗaya amintacce cikin iyali ko abokan tarayya ya san wurin. Rai na hannun Allah, kuma na ga magada sun gaji kamfani da motoci a fili amma ba su da hanyar shiga ko ɗaya daga asusunsa. In an canza darakta, ko adireshi, ko wani ya shigo da hannun jari, a fara gyarawa a CAC, sannan a sanar da SCUML, don bayanan biyu su tafi tare.

Idan kuma ka riga ka miƙa wa mai kafen takardunka, ka je yau ka tambaye shi ko ya tura. In bai tura ba, ku zauna ku yi tare da imel ɗinka. In ya tura da nasa, ya buɗe a gabanka ka ga abin da ya cike da sunanka, ka karɓi bayanan shiga, sannan ka rubuta wa SCUML a takardar kamfani kana neman a mayar da imel da lambar waya naka, ka kai da kanka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Allah ya sa albarka a kasuwa.