Hular kwanon soja tana tare harsashi kuwa?

Tambaya: Malam, ni direba ne a Jos, kullum ina wuce sojoji a shingen bincike na hanyar Rukuba. Na lura hular kwanonsu ba irin ta ƙarfen nan ta da ba ce. Da me ake yin ta, kuma da gaske tana tare harsashi?

Amsa: Malam direba, idonka bai yaudare ka ba. Ta ƙarfen ta samo asali ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ta fara raba wa sojojinta a 1915, Jamus ta fito da tata a 1916. Tun a wancan lokacin ɓarɓashin bam aka yi ta domin shi, don shi ke yi wa kan soja illa fiye da harsashi.

Ta yanzu saƙa ce. A 1965 wata masaniya a kamfanin DuPont, Stephanie Kwolek, ta gano zaren Kevlar, sojojin Amurka suka koma hularsa a farkon shekarun 1980. Ana jera yadin zaren hawa-hawa, a haɗa da danƙo, a matse cikin zafi har ya sandare. Abu ya bugo ta, zaren ya riƙe shi ya watsa ƙarfinsa gefe-gefe, kamar yadda raga ke kama ƙwallo. Sababbin ma da wata roba ake yi, polietilin, ta fi sauƙi a ka.

Ɓarɓashi da harsashin ƙaramar bindiga, tana tare su. Amma na AK-47 idan ya zo kai-tsaye daga kusa, yawancin hulunan huda su yake yi. Za a iya ƙara kauri, sai dai wuyan soja ne zai biya. Hular ta kai kilo ɗaya da rabi, ga na'urar gani da dare da ake maƙalawa a goshi, mutum kuma zai wuni da ita a rana.

A wurina cikinta ya fi bayanta muhimmanci. Ko harsashi bai huda ba, hular kan lotsa ta ciki ta daki ƙoƙon kai. Shi ya sa ake jera soso tsakaninta da kai, maɗaurin kuma ya kama haɓa da ƙeya ta wuri huɗu. Sojan da ya saki maɗaurinsa saboda zafi, in ya faɗi hular na iya tashi tun kafin ya kai ƙasa.

In ka ga wadda aka yanke ta saman kunne, don abin sauraren rediyo ya samu wurin zama ne, kariyar gefen kai kuwa ta ragu.