Matsalar `partial` a cikin `class`

Ɗan'uwa, ka ce a manhajar da kake rubuta wa masu sayar da dankali a Farin Gada, Jos, ka sa `partial` (kayan aikin Python da ke kulle wa function wata ƙima tun kafin a kira shi) cikin `class` sai Python ta yi ƙorafi. Dalili shi ne `partial` ba ta ajiye `self` (wato abin da aka ƙirƙira daga `class` ɗin) a gurbin farko, sai ƙimar da ka kulle ta zauna a wurinsa.

Ka koma `partialmethod` na `functools` (module ɗin da `partial` ma take ciki), wanda ya shigo tun Python 3.4. In `saita` shi ne method ɗinka mai saita matsayin oda, rubuta haka a cikin `class` ɗin:

`biya = partialmethod(saita, "an biya")`

Yanzu in ka ƙirƙiri `oda` daga `class` ɗin, `oda.biya()` zai tafi daidai. Ni wannan na fi so, domin mai karanta lambar zai gane nan take. Amma in ka riga ka ƙirƙiri `oda`, to `partial(oda.saita, "an biya")` ya wadatar, tunda `self` ya riga ya ɗauru.